Bakin Wani, Dariyar Wani: Gurɓatacciyar Hausa a Barkwancin Talabijin da Takarda da Intanet

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya saba kallon wasannin barkwanci na Hausa zai lura cewa sau da yawa ƴan kallo kan fara dariya tun ɗan wasa bai kai ga faɗin abin dariyar ba. Da zarar ya buɗe baki ya ce “matana ya tafi kasuwa”, ko kuwa ya ce “mi kac ce?”, shi ke nan an kece da dariya, alhali labari bai tafi ko'ina ba. Wato abin da aka yi wa dariyar shi ne yadda aka yi maganar, tun kafin a ji abin da maganar ta ƙunsa.

Wannan takarda za ta dubi wannan dabara ta kwaikwayon bakin wani, yadda ta yi aiki a talabijin da finafinai, da abin da ya same ta a rubuce, da kuma halin da ta shiga a intanet. Ma'aunin da za a yi amfani da shi guda ɗaya ne, kuma daga al'adar Bahaushe aka ɗauko shi: shin wanda ake kwaikwaya yana da bakin ramawa? Batun ya shafi ɗaliban wannan sashe kai tsaye, domin da yawa daga cikinku kuna magana ne da karin harshen da ake ɗora wa wawa a wasu daga cikin waɗannan wasanni.

2.0 Inda aka samo izinin

Bahaushe ba ya yi wa kowa ba'a haka kawai. Akwai waɗanda al'ada ta ba shi izinin ya taɓa, su ma ta ba su izinin su taɓa shi. Akwai wasa tsakanin taubasai, da tsakanin jika da kaka, da tsakanin Kanawa da Zagezagi, da Katsinawa da Nufawa, da Gobirawa da Yarbawa, da Fulani da Barebari. A nan Nijar an san na Gobirawa da Zabarmawa, da na Fulani da Arawa, da na Zabarmawa da Buzaye. A shekarar 2014 hukumar UNESCO ta sanya wannan al'ada ta Nijar cikin jerin al'adun duniya da ake gadonsu.

Abin lura a nan shi ne sharuɗɗan wasan. Mutanen biyu suna wuri ɗaya, kowa ya san matsayin ɗan'uwansa, kuma wanda aka zolaya zai rama nan take, sau da yawa ma ramuwar ta fi gayyar zafi. Wanda ya yi fushi shi ne ya faɗi. Idan Bafulatani ya kwaikwayi Hausar Babarbare, Babarbaren na tsaye yana jiran ya gama, domin shi ma yana da nasa tanadin game da bakin Bafulatani. Ƴan kama kuwa, waɗanda Gidley ya yi nazarinsu a 1967, wani izini ne nasu daban: sukan ari muryar malami mai karatu su cika ta da zancen tuwo da miya. Su ma a gaban jama'a suke yi, kuma wanda suke kwaikwaya ya fi su daraja a gari, ga shi yana iya korarsu daga ƙofar gidansa.

3.0 Talabijin: Samanja da tsohon soja

Da wasan ya hau akwatin talabijin sai sharaɗi na farko ya faɗi, domin wanda ake kwaikwaya ba ya wurin. Duk da haka, fitaccen wasan da ya rayu a kan gurɓatacciyar Hausa, wato Samanja Mazan Fama na gidan talabijin na Kaduna, wanda ya yi tashe a shekarun 1970 da 1980, ya tsira daga wannan matsala, kuma ya kamata a san dalili.

Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a watan Nuwamba na 2023, Banufe ne daga garin Pategi, kuma soja ne na gaske da ya yi aiki a lokacin yaƙin basasar Nijeriya (1967-1970). Sunan Samanja kansa aro ne daga sunan wani muƙamin soja na Ingilishi, kamar dai kofur da saje. Hausar da ya sanya a bakin Samanja ita ce barikanci, wadda sojoji daga ƙabilu daban-daban suka yi ta amfani da ita tun zamanin Turawa. Siffofinta sanannu ne ga mai nazarin harshe. Na farko, jinsi yakan rushe, mace ta koma “ya” da “shi”. Na biyu, baƙaƙe masu ƙugiya sukan rasa ƙugiyarsu, /ƙ/ ta koma /k/, /ɗ/ ta koma /d/, /ɓ/ ta koma /b/, /ts/ kuma ta koma /s/. Sai kuma cusa kalmomin Ingilishi na fareti da ba da umarni a inda ba su da gurbi.

Siffa ta biyu ita ce ta fi haihuwar dariya, saboda Hausa cike take da tagwayen kalmomin da ƙugiya kaɗai ta raba su: ƙura da kura, ƙare da kare, ƙafa da kafa, tsara da sara. Ga misali na ƙirƙira don aji. Mutum ya shigo da gudu yana cewa “kura ta tashi a kasuwa”, jama'a suka watse, ashe iska ce ta taso da ƙura. Dariya irin wannan tana da tushe a cikin harshen kansa, domin mai sauraro yana jin ma'anoni biyu a lokaci guda.

To amma abin da ya ɗaga Samanja sama da masu kwaikwayonsa shi ne wanda ke riƙe da iko a cikin wasan. Mai gurɓatacciyar Hausar shi ne mai igiya a hannu, shi ke tsawa, shi ke ba da umarni. Ɗan kallo farar hula, wanda a zamanin mulkin soja ba ya iya ɗaga ido ya dubi mai kaki, ya sami damar yi masa dariya a cikin ɗakinsa. Sojoji kuma suna ganin kansu, domin ɗaya daga cikinsu ne ke yi. Ke nan dariyar sama take dubawa, kuma mai yin ba'ar da wanda ake yi wa kusan mutum ɗaya ne. Irin wannan muke da shi a Nijar a siffar tsohon sojan Faransa, mai lambobi a ƙirji, wanda ke jefa Faransancin bariki a tsakiyar Hausa don a san ya ga duniya. Wasan kwaikwayon Nijar, wanda Beik (1987) ta yi nazari a kansa, wanda kuma irin su Yazi Dogo suka ɗaukaka, ya daɗe yana cin moriyar mutumin da ke fakewa da harshen kumandan don ya fi ƴan'uwansa. A nan ma girman kan ake yi wa dariya, harshen shaida ne kawai.

Ba duk barkwancin wancan zamani ne ya dogara ga wannan dabara ba. Ƙasimu Yero (ya rasu 2017) da Karkuzu na Jos (ya rasu 2025) sun fi jingina ga hali: shisshigi, da cika baki, da wayon da kan koma wa mai shi.

3.1 Camama: Ibro da abokan tafiyarsa

Finafinan bidiyo na Kano sun zo da wani reshe na barkwanci mai arhar shiryawa da ake kira camama, kuma sarkinsa shi ne Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a watan Disamba na 2014. Ya kamata a yi masa adalci. Ƙarfin Ibro ba a kwaikwayon bakin wasu yake ba. Hausarsa ta ƙauyen Kano ce tsantsa, kuma gwanintarsa ita ce saurin mayar da magana, da yi wa karin magana kwaskwarima, da taurin kan talakan da ba ya yarda an fi shi ko da an kama shi dumu-dumu. A finafinai irin su Ibro Awilo da Ibro Usama (2002) yakan ɗauko wani sanannen mutum na duniya ya sanya shi cikin rigar baƙauye, sai girman ya zube. Wannan tsohuwar dabarar ƴan kama ce.

Matsalar tana ga waɗanda ke kewaye da shi, da waɗanda suka biyo baya. Camama ta kafa wasu gurabu da ba sa canzawa: Ɗan Gwari, da Bafulatanin daji, da ɗan kasuwar Ibo irin wanda Baban Chinedu ya yi suna da shi. A mafi yawan lokuta aikin mai wannan gurbi shi ne ya yi magana a karkace, ya kasa fahimtar abin da aka ce, a yi dariya. Idan aka cire bakin, babu abin da ya rage a rubutun wasan. Ɗalibi na iya gwada wannan da kansa: ya ɗauki fitowa guda, ya mayar da maganar Ɗan Gwari zuwa daidaitacciyar Hausa, ya ga ko akwai sauran abin dariya. Idan babu, to marubucin bai yi aikin komai ba, ya ari raini ne da ya tarar a gari.

Rainin kuwa ya riga fim zuwa. Harshen Hausa kansa ya adana shi: “gwaranci” na nufin maganar da ba ta fita, “gwari-gwari” kuma bayani ne irin wanda ake yi wa mai wuyar ganewa. Mutanen da ake nufi, su Gbagyi suke kiran kansu. Kuma babu wata kasuwar finafinai tasu da ta kai ta Kano, inda za su fito da Bahaushe yana kame-kamen yarensu. Sharaɗin ramuwa ya faɗi ke nan. Ba ina cewa kowace fitowa irin wannan cin mutunci ce ba. Akwai inda ɗan kasuwar Ibo ke fin kowa wayo a wasan, ya bar Bahaushe da hamma, kuma a irin wannan wuri wasan ya yi kusa da na taubasai. Amma wannan shi ne kaɗan.

Sai kuma abin da ya fi kusa da mu. A finafinan Kano da dama, idan ana son a nuna mutum baƙauye ne ko mai ban dariya, akan sanya masa Hausar yamma a baki: “munka” da “sunka” a maimakon “muka” da “suka”, “hwari” a maimakon “fari”, “tahi” a maimakon “tafi”, “wanga” a maimakon “wannan”, “na” da “ta” a maimakon “ne” da “ce”. A Kano ana kiran wannan Sakkwatanci a dunƙule, amma ɗan Tawa da ɗan Dogon Dutsi da ɗan Ƙonni duk suna jin bakin iyayensu a ciki. A nan ba a ma iya cewa gurɓatacciyar Hausa ce ba. Masana tarihin harshe sun nuna cewa karin yamma ya riƙe tsofaffin siffofi da dama waɗanda Kananci ya sauƙaƙa, kuma zaɓen Kananci a matsayin tushen daidaitacciyar Hausa al'amari ne na mulki da ɗab'i da kasuwa. Da wannan karin ne Narambaɗa da Ɗanƙwairo suka yi wa sarakuna waƙa, ba wanda ya yi dariya. Haka nan rushewar jinsi da ake yi wa dariya a bakin Ɗan Gwari, ita ce Hausar yau da kullum ta yaran da aka haifa a zangunan Kumasi da Ankara, kuma ko a Zazzau ana jin “rigan” a inda Bakano zai ce “rigar”. Ɗan fim na iya rashin sanin wannan. Ɗalibin harshe ba shi da wannan uzuri, musamman idan ya kai ga jin kunyar faɗin “munka” a gaban baƙi.

4.0 A rubuce

Barkwancin da ke kan takarda ya bi wata hanya daban, kuma ƙa'idar rubutu ce ta tilasta masa. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna tsawon wasali. “Kuka” na hawaye da “kuka” ta miya rubutunsu ɗaya, haka “wuya” ta wahala da “wuya” na jiki, haka “baba” uba da “baba” na rini. Rabin abin da ke sa a gane baƙon baki a kunne, wato karin sautin da ya baje, ba shi da hanyar hawa takarda. A Nijar, bayan taron Bamako na 1966, an yi shekaru ana ninka dogon wasali a rubuce, kafin taron Yamai na 1980 ya daidaita rubutunmu da na Nijeriya. Wancan tsohon rubutu ya fi iya kama lafazi, amma shi ma bai nuna karin sauti ba.

Saboda haka marubucin da ke son ba da dariya dole ya gina ta a cikin labari. Abubakar Imam shi ne babban misali. A Ruwan Bagaja, wanda ya fito daga gasar 1933, dariyar tana cikin ramuwar gayya tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe: wannan ya shirya wa wancan tarko a wannan gari, wancan ya rama a gari na gaba. Tsarin littafin kansa tsarin wasan taubasai ne. A Magana Jari Ce kuma akwai labarin Kalala da Kalalatu, inda matar ta cinye kajin da aka soya don baƙo, ta gaya wa baƙon cewa mijinta kunnuwansa zai yanke, ta kuma gaya wa mijin cewa baƙon ya gudu da kajin. Mijin ya bi shi da wuƙa a hannu yana roƙon a bar masa ko guda, shi yana nufin kaza, baƙon yana jin kunne. Asalin labarin daga tatsuniyoyin Jamus na Grimm yake, kuma wannan ma hujja ce: dariyar da aka gina a kan yanayi tana iya ƙetare harshe ta isa lafiya, ta bakin wani kuwa ko daga kunne zuwa takarda ba ta kaiwa.

Jaridun zambo da suka bayyana a Yamai bayan buɗe fagen siyasa a farkon shekarun 1990, irin su Le Canard Déchaîné, da Faransanci suke fita, don haka ba su shiga wannan nazari ba.

5.0 Intanet

Abu na farko da intanet ta yi abin dariya ne shi kansa. Yawancin masu rubuta Hausa a wayar hannu ba sa sanya ƙugiya, ko don allon wayar ba shi da ita, ko don gaggawa. Bakano da Basakkwace da Badamagare duk “kasa” suke rubutawa, ko ƙasa suke nufi ko kasa. Wato a rubuce kowa ya koma Samanja, ba kuwa wanda ke dariya, domin mai karatu yana mayar da ƙugiyar a zuciyarsa. Wannan ya ƙara tabbatar da cewa dariyar bakin wani a kunne take zaune, shi ya sa barkwancin intanet ya gudu daga rubutu ya koma gajeren bidiyo da saƙon murya a Facebook da YouTube da TikTok da WhatsApp.

Abu na biyu shi ne ramuwa ta dawo, ko da ba duka ba. Shirya fim a da sai mai jari da kyamara da ɗan kasuwar da zai saya a Kano. Yanzu yaro a Maraɗi ko Gusau yana iya ɗaukar kansa da waya, ya yi barkwanci da karin garinsu, ya kuma kwaikwayi Bakano yadda ya ga dama. A irin waɗannan bidiyoyi “munka” ita ce bakin mai wayo. A ganina wannan shi ne ci gaba mafi muhimmanci da barkwancin Hausa ya samu tun bayan camama, ko da yake yawancin bidiyoyin ba su da tsari, kuma da yawa maimaita gurabun camama suke yi cikin daƙiƙa sittin. Tashoshi irin su Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, sun ɗan matsa gaba da shiri irin Gidan Badamasi, inda dariyar ta fi fitowa daga kwaɗayin ƴaƴa a kan dukiyar ubansu.

Sai dai ramuwa tsakanin tsara da tsara daban take da taɓa na sama. A da sarki yana da wawansa, wanda ke faɗa masa abin da fadawa ba sa iyawa. Masu mulkin zamani ba su gaji wannan haƙuri ba. A 2008 wata kotun tafi-da-gidanka mai aiki da Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta ɗaure Ibro wata biyu a kan fim ɗin Ibro Aloko. Tuhumar ta saɓa wa dokokin hukumar ce, amma abin da jama'a suka riƙa faɗa shi ne waƙar Mamar da ke cikin fim ɗin, wadda aka ɗauka habaici ce ga gwamnan lokacin, Ibrahim Shekarau. A watan Nuwamba na 2022 kuma wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu bulala 20 kowannensu, da tarar naira 10,000, da sharar harabar kotu ta kwana 30, saboda wani bidiyon TikTok da suka yi a kan gwamna Abdullahi Umar Ganduje. Idan aka jera waɗannan hukunce-hukunce biyu kusa da ɗimbin fitowar Ɗan Gwari da suka wuce tacewa lafiya, za a gane dalilin da ya sa ɗan wasa mai neman abinci yake zaɓar ya dubi ƙasa. Wannan bai wanke marubucin camama ba, amma ya bayyana lissafinsa.

5.1 Wajen rubuta misalai

Ɗaliban da za su ɗauki wannan fanni a kundin kammala karatu su kiyaye abu guda wajen juyar da magana daga bidiyo zuwa takarda. Kada a gyara wa ɗan wasa baki. Idan ya ce “kura” a inda ake sa ran “ƙura”, a rubuta “kura”, a sa daidaitacciyar sigar a layi na ƙasa, a kuma nuna karin sauti da tsawon wasali a kan kalmar da dariyar ta rataya a kanta. Sa'annan a raba abu biyu da ƴan fim kan cakuɗa: siffar da ake samu da gaske a bakin mutanen da ake kwaikwaya, da wadda ɗan wasa ya ƙirƙira don ƙarin gishiri. Mai kwaikwayon Sakkwatanci a Kano yakan zuba “hw” a kowace kalma mai /f/, alhali a karin yamma /hw/ kafin wasalin /a/ take zuwa, kafin /i/ da /u/ kuwa /h/ ce, shi ya sa ake cewa “hwaɗi” amma “tahi” da “huɗu”. Wanda ya ce “tahwi” bai taɓa zama a Sakkwato ko Tawa ba, kuma a rubuta hakan a cikin sharhin.